Yadda ake tara tsofaffin ƙotocin katako na ƙananan libarba

Idan ka shiga babban baje kolin bindigogi a Amurka, irin wanda ake yi sau biyu a shekara a birnin Tulsa na jihar Oklahoma, idonka zai fara sauka ne a kan abin da aka jera saman tebur. Mai tara ƙota kuwa ƙarƙashin tebur yake leƙawa. A nan ake ajiye kwali cike da ɓari-ɓarin katako, wasu an haɗa su da sukuru, wasu an ɗaure da roba, wasu kuma ɓari guda ne ya rabu da ɗan'uwansa. Yawancinsu tarkacen kamfani ne. Amma jefi-jefi akan samu wadda wani masassaƙi ya zauna ya fiƙe da hannunsa, shekara hamsin ko sittin da suka wuce, daidai da tafin hannun mutum guda.

Ƙotar libarba kamar goro take, ɓari biyu ne da ke rungume ƙarfen gindin bindiga, sukuru ɗaya ya ratsa ya haɗe su. Dalilin da ya sa ake samun su a kwali ba tare da bindigoginsu ba shi ne, daga shekarun 1970 zuwa 1980 'yan sanda da sauran masu libarba sun koma ƙotar roba, musamman ta kamfanin Pachmayr, suka kwance ta katako suka jefa a aljihun tebur. Bindigar ta bi hanyarta, ƙotar ta bi tata. Aikin mai tarawa shi ne ya gane wace ce wannan marainiya, wa ya sassaƙa ta, kuma me aka yi mata bayan ta bar hannunsa. Amsar kusan kullum tana cikin ɓarin, wato fuskar da ke manne da ƙarfe, wadda ba a goge ba, ba a shafa mata mai ba.

Kafin komai: doka

A dokar tarayyar Amurka, firam, wato gangar jikin ƙarfe mai ɗauke da lamba, shi ake ɗauka a matsayin bindiga. Ƙotar katako ana saye ana sayarwa kamar kowane kayan hannu. Wannan sauƙin a can ya tsaya. Fitar da sassan bindiga daga Amurka yana da nasa ƙa'idoji, sannan a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa libarba cikin rukunin bindigogin da aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, kuma ma'anar bindiga a dokar ta haɗa har da sassanta. Saboda haka wanda ke Kano ko Kaduna kada ya yi odar ƙota ta gidan waya yana cewa ai katako ne kawai. Wannan jagora ta wanda ke zaune inda doka ta yarda ce, da kuma wanda ke son sanin sana'ar don kanta.

Mataki na farko: san ƙarfen da aka yi wa ƙotar

Ba za ka gane riga ba sai ka san wanda aka ɗinka wa. Ƙananan libarba da wannan harka ta fi shafa gida biyu ne.

Na farko gidan Smith & Wesson na garin Springfield a jihar Massachusetts. A 1950 suka fito da Chiefs Special, mai cin harsashi biyar, a kan sabon firam da suka kira J. Da kamfanin ya fara ba kowane samfurin bindigoginsa lamba a 1957, ta zama Model 36. A kan firam ɗin ne aka gina Centennial a 1952, da Bodyguard a 1955, da Model 60 a 1965, wadda aka yi da ƙarfen da ba ya tsatsa. Gindin firam ɗin J iri biyu ne: kewayayye, wanda masu sayarwa ke rubuta wa RB, da mai kusurwa, wanda suke rubuta wa SB. Ƙotar ɗaya ba ta zama daidai a kan ɗayan. Akwai ƙananan tarkuna biyu a nan. Chiefs Special na farko-farko gindinsu ya ɗan fi gajarta, irin na tsohon firam ɗin I da ya gabace su, don haka ƙotarsu takan gaza idan aka ɗora ta a kan na baya. Sannan tsohuwar Centennial tana da wani maɓallin kariya a bayan gindi wanda tafin hannu ke dannawa, saboda haka duk ƙotar da ta rufe bayan ƙarfen ba tata ba ce.

Na biyu gidan Colt na Hartford a jihar Connecticut, da Detective Special ta 1927 mai cin harsashi shida, sai ƙannenta Cobra da Agent, duk a kan firam ɗin D. Shekarar da za ka riƙe a nan ita ce 1966, lokacin da Colt ya gajarta ƙarfen gindin. Ƙotar da aka yi wa dogon gindi da wadda aka yi wa gajere, ramin cikinsu ya bambanta ko da daga waje sun yi kama.

Shawarata ka zaɓi gida ɗaya, ko ma gindi ɗaya, ka tsaya a kai shekara guda. Kewayayyen gindin J ya fi sauƙin farawa domin shi ya fi yawa. Ka zana siffar gindin a kan kwali mai kauri, ka yanke, ka huda inda sukuru ke ratsawa da inda ɗan ƙaramin fil na ƙasa yake, ka riƙa yawo da shi a aljihu. Da wannan kwalin za ka gwada kowace ƙota a gaban mai ita ba tare da ka taɓa bindiga ba.

Mataki na biyu: fara da ta kamfani

Wannan mataki mutane ke tsallakewa, su yi asara. Sai ka san abin da kamfani ya saba yi kafin ka gane abin da ya fita daban. Ƙotar Smith & Wesson da aka fi sani ita ce Magna, ta katakon walnat, mai tambarin kamfani a sama. Har zuwa wajen 1968 akan bar wani ɗan fili mai siffar lu'ulu'u kewaye da ramin sukuru ba a tsaga shi ba. Bayan nan aka daina. A wancan zamani kamfanin kan daidaita kowace ƙota da bindigarta, sannan a buga lambar bindigar a cikin ɓarin dama. Sayi irin wannan guda biyu ko uku masu araha, ka jujjuya su har hannunka ya haddace nauyinsu, da yadda inji ke barin ramin ciki sumul, da yadda tsagar saman ke tafiya.

A nan ne kuma za ka fahimci abin da ya haifi sana'ar masassaƙa tun farko. Ƙotar kamfani siririya ce, tana bin ƙarfe sau da ƙafa, tana barin wani gurbi a bayan zoben da ke kare kunama. Idan aka harba, zoben kan doki gaɓar ɗan yatsan tsakiya, bindigar kuma ta juya a hannu. Wasu sun magance haka da ɗan ƙarfen cike gurbi na Tyler T-Grip. Wasu kuma suka tafi wurin masassaƙi. Duk ƙotar hannu da za ka gani, amsa ce ga wannan gurbin, kuma yadda kowane masassaƙi ya cike shi shi ne sa hannunsa na farko.

Mataki na uku: san masassaƙan

Sunan da ya fi kowane nauyi shi ne Walter Roper, wanda ƙotocinsa suka yi tashe a shekarun 1930 da 1940. Roper shi ne mai tsarawa, amma mafi yawan waɗanda ake nema Mathias Gagne ne ya sassaƙa su. Mai saye yakan ɗora hannunsa a kan takarda, ya zagaye shi da fensir, ya aika. Ana gane aikin Gagne da tsaga mai laushi wadda wani ɗan kirtani mara tsaga ke ratsawa yana lanƙwasa, da kuma ƙananan ramuka masu kusurwa a cikin ɓarin, inda ya kafe katakon lokacin da yake aiki. Sai dai ka lura da lissafin shekaru. Galibin ƙotocin Roper na manyan bindigogin gasar harbi ne, kuma ganiyarsa ta riga firam ɗin J zuwa duniya. Wanda ya miƙo maka ƙaramar ƙota ya ce ta Roper ce, nauyin kawo hujja a kansa yake.

Steve Herrett na garin Twin Falls a jihar Idaho ya fara a shekarun 1950, shi ma da zanen hannu a takarda. Ƙotocin gidansa, irin su Shooting Star da Detective, sun yi yawa a kasuwa, kuma a ganina nan ya kamata sabon shiga ya fara kashe kuɗinsa. Aiki ne mai tsafta, farashinsa bai kai na sauran ba, kuma yawansu zai ba ka damar kwatanta guda da guda.

Sai 'yan Los Angeles. Daga cikin rundunar 'yan sandan birnin aka samu masassaƙa irin su Fuzzy Farrant da John Hurst da Guy Hogue, mutanen da suka yi harbi da kansu, suka ga abin da ke damun abokan aikinsu. Su suka shahara da gurbin yatsu a gaban ƙota da ɗan tudu a gefe wanda ke cika tafin hannu. Farrant yana da wata alama da ba ta ɓuya: yawancin ƙotocinsa suna tsukewa a ƙasa sosai, har sai an yanke kusurwar gaban ƙarfen gindi kafin su shiga. Idan ka ga ramin ciki an gutsure masa kusurwa haka, kwalin aljihunka ba zai zauna ba, kuma wannan ƙin zaman shi kansa shaida ne. Hogue kuwa ya kafa kamfaninsa a 1968. Ƙotocin da aka fi sani da sunan a yau ba ɓari biyu ba ne, dunƙule guda ne da ake zurawa daga ƙasa a ɗaure da sukuru a gindi. Masu tarawa na farkon suke nema, waɗanda ya yi da hannunsa.

Ga masu son ƙananan libarba, babu kamar Craig Spegel na jihar Oregon, mai ƙotar da ake kira Boot Grip. Dabararsa ita ce ya cike gurbin bayan zoben kunama, ya bar bayan ƙarfe a buɗe, kuma ƙotar ba ta wuce ƙasan firam ko da kaɗan, don bindigar ta ci gaba da zama ƙarama. Tsarin ya karɓu har kamfanin Uncle Mike's ya yi shi da roba bisa izininsa, Smith & Wesson kuma ya riƙa ɗora na robar a kan bindigoginsa a shekarun 1990. Wannan karɓuwa ce ta jawo masu kwaikwayo da yawa, don haka siffar kaɗai ba ta isa ta ce maka ta Spegel ce ba.

Za ka kuma ci karo da sunaye kamar Lew Sanderson, da kuma Kearsarge masu sassaƙa ganyen itace a jikin ƙota. Akwai kuma na kasuwa irin su Sile da Mustang da Jay Scott, waɗanda aka yi da yawa. Ba laifi ba ne a tara su, laifin a biya musu kuɗin aikin hannu.

Mataki na huɗu: juya ta

Ga inda harkar take. Ka nemi izini, ka kwance sukurun da sukudireban da ya cika bakinsa daidai, ka raba ɓarin biyu ba tare da ka sa wuƙa a tsakaninsu ba, ka kai su wurin haske.

Fara da ramin da ƙarfe ke kwanciya. Inji yana barin zagayayyun sawu masu tsari ɗaya. Kurfi da wuƙar masassaƙi suna barin ƙananan matakai marasa daidaito, wani wuri a zurfafa, wani wuri a ɗan kankare don ƙarfe ya zauna. Duba launin katakon a nan. Cikin tsohuwar ƙota yakan yi duhu a hankali, da baƙin tabo inda man bindiga ya jiƙa shi shekara da shekaru, wani lokaci har da inuwar firam ɗin kwance a jiki kamar an zana. Idan waje ya tsufa amma ciki fari ne tas kamar jiya aka yanke, ko sabuwa ce aka tsufar da ita, ko wani ya sake fafe ta don ta shiga wata bindiga. Idan wuri ɗaya ne kawai ya yi fari, nan aka taɓa.

Sai rubutu. Masassaƙa da yawa sukan rubuta wani abu da fensir: lambar oda, sunan mai saye, irin firam, ko lamba ɗaya a ɓari biyun don kada su ɓace wa juna a kan benci. Wasu gidajen suna da hatimi. Kada ka goge wannan rubutu ko da da yatsa ne. Kuma ka tabbata hannun da ya rubuta a dama shi ya rubuta a hagu. Ana yawan aurar da ɓari biyu da ba uwa ɗaya ta haife su ba. Hanyar kama wannan ita ce ka haɗa su, ka dubi gindin: a ƙotar kirki, jijiyar katako takan tashi daga wannan ɓari ta ci gaba a wancan, domin daga gungume ɗaya aka tsaga su.

Yanzu koma waje, da madubin ƙara girma. Tsagar da ke hana santsi layuka ne da ke gicciye juna su fitar da ƙananan tsinuka. Aikin hannu yana da ɗan numfashi a cikinsa, wani layi kan ɗan zarce iyaka, amma tsinukan suna tsaye. Hannun mai bindiga yana cinye su a wuraren da yake dafawa kawai, kuma galibi ɓarin da ke waje lokacin da bindiga ke kugu shi ya fi shan karo da ƙofa da kujerar mota. Samfefa kuwa ba ta zaɓe, tana daddanne tsinukan duka, ta kashe kaifin gefuna, ta rage katakon har ƙarfe ya leƙo idan an ɗora. Ƙotar da aka goge aka sake shafa wa mai takan yi ƙyalli fiye da 'yan'uwanta a kan tebur, kuma ita ce ta fi su faɗuwar daraja. Na fi son wadda ta sha hannu ta dushe, da tabonta da komai, a kan wadda aka yi wa kwalliya.

Dubi saman ɓarin hagu. Da na'urar zuba harsashi gaba ɗaya ta yaɗu a shekarun 1970, mutane da yawa sun ɗauki magagari sun rage wannan wuri don ta samu hanya. Idan masassaƙi ne ya yi gurbin, za ka ga ya bi siffar ƙotar kuma mai ɗaya ne ya rufe ko'ina. Idan mai bindiga ne ya yi a gida, launin wurin daban ne.

Daga nan nemi tsagewa. Wurare uku take fi fitowa: kewayen ramin sukuru, saboda ɗaurin ganganci, kusa da ramin fil na ƙasa, da siririn ƙahon sama inda ƙota ke haɗuwa da firam. Ɗan matsa ɓarin a hankali ka ga ko wani layi zai buɗe baki. Siririn layi mai sheƙi alamar gam ce. Gyaran da aka yi da kyau ba ya hana saye, amma dole ya sauko da farashi. Kada ka manta da sukurun kansa da 'yan zobban da yake zama a ciki. Ƙananan masassaƙa sun yi amfani da nasu, kuma samun madadin wanda ya ɓata wahala ne.

Mataki na biyar: katakon

Walnat shi ne na yau da kullum, ruwan ƙasa, mara nauyi sosai. Gonsalo albes na Barazil yana da ratsin duhu a kan ja-ja. Kokobolo na Amurka ta Tsakiya nauyi gare shi da maiƙo, kuma yana ƙara duhu da shekaru har ratsinsa ya kusa ɓacewa. Shi ɗan dangin itatuwan Dalbergia ne, waɗanda gaba ɗayansu suka shiga ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin itatuwa da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, a 2017, shekarar da madobiyarmu ma ta shiga wannan jeri saboda yadda aka yi ta sare ta ana fitarwa. Wani Dalbergia na Barazil, ba gonsalo albes ba, tun 1992 yake a rukunin da ya fi tsanani. Wannan na iya shafarka ne idan ƙota za ta ƙetare iyakar ƙasa. Hauren giwa kuwa, ko an ce maka tsoho ne, bar shi inda ka gan shi.

Mataki na shida: ciniki

Idan da hoto za ka saya, ka nemi guda shida aƙalla: wajen kowane ɓari, cikin kowane ɓari, gindi a haɗe, da baya a haɗe. Mai sayarwar da ya ƙi nuna ciki ya riga ya ba ka amsa. Ka tambaya ko za a iya mayarwa idan ba ta dace ba. Farashin da za ka yi aiki da shi shi ne wanda aka sayar a gwanjo, ba wanda ake nema ba. Labarin baka, irin na wai wani shahararren ɗan sanda ne ya riƙe ta, ka saurara da ladabi, amma kuɗinka ya tsaya a kan abin da idonka ya gani. Abin da ke ƙara daraja da gaske shi ne kwalinta na asali, ko rasit, ko takardar zanen hannun wanda aka yi wa ita. Idan ka samu ƙota da wannan takarda, kada ka bari su rabu.

Mataki na bakwai: tsafta da ajiya

Busasshen buroshin haƙori mai laushi ya isa ya fitar da dattin cikin tsaga. Ka bi layukan, kada ka gicciye su. Wurin da ba tsaga, tsumma mai ɗan danshi, ka share nan take. Idan kana son kariya, shafa kaki kaɗan irin wanda gidajen tarihi ke amfani da shi, kamar Renaissance Wax, a waje kawai. Ban da samfefa, ban da sabon fenti, ban da jiƙa ta a ruwa ko fetur, ban da man bindiga, wanda shi ne ke laushe katako ya baƙanta shi.

Duk wanda ya ga ƙofar katako ta kumbura da damina ta ƙi rufuwa, sannan ta tsuke da hunturu har haske na shiga, ya san abin da ke kashe ƙota. Gidajen Amurka da ake hura wa zafi lokacin sanyi suna busar da iska kamar hunturu. Ka nemi wurin da danshinsa ke zama kusa da kashi 50 cikin 100, nesa da taga da na'urar ɗumama ɗaki. Cire robar da aka ɗaure su da ita, domin tana narkewa ta manne. Kada ka kwantar da su a kan soso na tsawon lokaci. Haɗa ɓarin biyu da sukurunsu sako-sako, don idan babu ƙarfe a tsakani, ɗauri kaɗan ya isa ya fasa su. Nannaɗe kowace a farin ƙyallen auduga.

Sai ka ba kowace lamba a littafinka: ranar saye, wuri, farashi, irin firam, irin katako, wanda kake zaton ya sassaƙa da dalilin zaton, da hoton ciki da waje. Lambar a jikin 'yar takarda za ka rubuta ta, ka ɗaura da zare ta ramin sukuru. Cikin ɓarin, inda masassaƙi ya sa fensirinsa, kada ka ƙara ko ɗigo.